Yatsu Uku a Gindin Cinya: Gwanintar da Ke Tsare Huhu Bayan Aikin Zuciya

Idan mutumin Andarai, ko na Jega ko Aliero, ya dawo daga Abuja ko Legas ko Alƙahira aka ce an yi masa aikin zuciya ba tare da an buɗe ƙirji ba, likita 'yan dubiya suke sa wa albarka. Ya kuwa cancanta. Amma akwai hannuwan da ba a cika ambatonsu a zauren dubiya ba: na ma'aikaciyar jinyar da ta karɓi marar lafiyar bayan likita ya tuɓe safar hannu, ta ɗora yatsu uku a gindin cinyarsa ta danne kusan minti 20, sannan ta kwana tana lura da numfashinsa. A hannun irinta, mace ko namiji, ake tare wata masifa da ba ta cika aukuwa ba, wadda kuma in ta auku ba ta jiran kowa: gudan jini ya taso daga jijiyar ƙafa ya toshe huhu.

Aikin da ake magana a kai shi ne zura kateta, wani siririn bututu mai laushi, kaurinsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, ta cikin jijiyar jini har zuciya. A 1929 wani matashin likita Bajamushe, Werner Forssmann, ya fara gwada shi a jikin kansa a garin Eberswalde. Ya huda jijiyar hannunsa, ya tura bututun fiye da rabin mita, ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin hoto ya ɗauki shaida. A 1953 Sven-Ivar Seldinger na ƙasar Suwidin ya kawo dabarar da ake bi har gobe: a soka allura a jijiya, a zura siririyar waya ta cikin allurar, a zare allurar, a bi bayan wayar da bututu. A 1977 kuma Andreas Grüntzig ya buɗe toshewar jijiyar zuciyar wani mutum da ɗan balan-balan a birnin Zurik. Yanzu ta wannan 'yar kafa ake ɗaukar hoton jijiyoyin zuciya, a saka zoben raga inda ya tsuke, a toshe hujin zuciyar yaro, a buɗe ƙofar zuciyar da ciwon maƙogwaro na ƙuruciya ya ƙanƙance. Galibi marar lafiya yana farke, allurar kashe zafi kawai aka yi masa a wurin hudar.

Tambayar da mai karatu zai yi ita ce, aikin zuciya ne, me ya kawo ƙafa, me kuma ya kawo huhu? Amsar tana cikin yadda Allah ya shirya hanyoyin jini. Jijiyoyi iri biyu ne: mai harbawa, wadda ke kai jini daga zuciya zuwa gaɓoɓi, da marar harbawa, wadda ke mayar da shi. A mahaɗar cinya da mara su biyun kwance suke kafaɗa da kafaɗa cikin kube ɗaya, mai mayarwar tana ta gefen ciki. Duk abin da ya shiga wannan mai mayarwar, hanyarsa sai ƙara faɗi take yi: daga cinya zuwa ciki, daga ciki zuwa ɓarin dama na zuciya. Ba ya haɗuwa da matsatsi sai ya fita zuwa huhu, inda jijiyoyi suka rarrabu suka ƙanƙance. Wanda ya ga yadda ruwan Agusta ke kwaso damin kara a kwari, ya yi ta gudu da shi ba abin da ya tare shi sai a bakin kwalbati, ya riga ya ga abin. A nan gudan jinin yake cijewa. Iska tana shiga huhu lafiya lau, amma jinin da zai ɗauke ta bai iso ba, kuma ɓarin dama na zuciya, wanda siririn nama gare shi, yana tura jini ga ƙofar da aka rufe. In gudan babba ne, cikin 'yan mintoci zuciyar take sarewa.

Rudolf Virchow, wani masanin cututtuka Bajamushe, shi ya nuna tun a tsakiyar ƙarni na 19 cewa gudan da ake tararwa a huhun mamaci daga ƙafa yake tasowa. Da sunansa ake kiran sharuɗɗa uku da ke sa jini ya daskare a cikin jijiya: jini ya daina gudu, ko bangon jijiya ya ji rauni, ko jinin kansa ya zama mai saurin daskarewa. Aikin kateta ta cinya yana iya tara su duka a gado ɗaya. An huda jijiya, ga rauni. An danne wurin an ce kada a motsa ƙafa na sa'o'i, ga tsayawar jini. Marar lafiyar ya wuni ba ci ba sha saboda aikin, jininsa ya yi kauri, wataƙila kuma zuciyarsa dama mai rauni ce. Wannan na ƙarshe ya shafe mu sosai. Raunin zuciya bayan haihuwa, wanda Parry da Davidson suka yi nazarinsa a Zariya a shekarun 1970, wanda kuma Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranci bincikensa a faɗin Nijeriya, ya yawaita a Arewa maso Yamma fiye da kusan ko'ina a duniya, kuma zuciyar da ta kumbura ta yi sanyi jini yana kwanciya a cikinta da bayanta. Duk da haka, waɗanda gudan jini ke toshe wa huhu bayan aikin kateta ba su kai ɗaya cikin 100 ba. Ƙarancin nan aikin mutane ne, kuma tun a kan teburin aiki yake farawa, inda ake yawan wanke bututun da ruwan gishiri mai hefarin, maganin hana daskarewar jini, ba a kuma barin waya ta daɗe a jijiya ba dalili.

A zo ga yatsun nan uku. An gama aiki, an dawo da marar lafiya, mu ce Baba, gadonsa, ɗan kuben roba da aka bi ta cikinsa yana nan a cinya. In an ba shi hefarin da yawa, ba a cirewa sai an auna an ga jinin ya fara komawa daidai. Ma'aikaciyar ta daidaita tsawon gadon yadda za ta miƙe gwiwar hannunta ta sauke nauyin kafaɗarta, domin wadda ta dogara da ƙarfin yatsu kaɗai kafin minti 5 hannunta ya fara rawa. Ta laluba sai ta ji bugun jijiyar. Ba a kan hujin fata take ɗora yatsun ba, sama da shi kaɗan ta wajen mara, santimita 1 zuwa 2, saboda allurar a karkace ta shiga, hujin da ke jikin jijiyar ya fi na fata matsowa sama. A daidai nan kuma kan ƙashin cinya yake a ƙasa, shi ne madogarar da ake matse jijiyar a kai. Ta ce, "Baba, ja numfashi, sake shi a hankali," ta zare kuben ta danne.

Daga nan gwanintar take. In ta sassauta, jini zai tsiyaya ƙarƙashin fata ya taru ya yi ƙullutu, ƙullutun da kansa zai danne mai mayarwar. In ta zuba ƙarfi ba lissafi, ko ta yi amfani da dunƙulen hannu mai faɗi, ko yatsun suka zame ciki da faɗin yatsa ɗaya, to ta rufe jijiya mai mayarwa, wadda bangonta siriri ne, ɗan matsi kaɗan ke lanƙwashe shi. Minti 20 jinin ƙafa yana tsaye, ga rauni a kusa: an shuka gudan jini kenan. Don haka gwanar takan danne sosai a 'yan mintocin farko, sannan ta riƙa rage nauyi kaɗan-kaɗan, har ta kai matsayin da hujin yake rufe amma jini yana wucewa ta ƙarƙashin yatsunta. Ba ta ɗagawa ta leƙa, don kowace leƙawa tana ɓalle ɗan toshin da jiki ya fara ginawa. Abokiyar aikinta tana taɓa bugun jijiya a bayan tafin ƙafa, tana duban launin farce da ɗumin yatsu. In ƙafar ta yi sanyi ta yi fari-fari, mai harbawa ce ta rufe. In ta yi duhu ta cika, mai mayarwa ce. Duk wannan tana yi ne tana hira da shi, tana tambayarsa albasar bana ko farashin buhun shinkafa a kasuwar Jega, kunnenta yana kan muryarsa. In ya fara hamma, gumi ya keto masa, bugun zuciya ya ragu, ta san zafin danniyar ne ke neman sumar da shi, ta kuma san abin da za ta kira a kawo. Na daɗe ina ganin wannan tsayuwa ta minti 20 a cikin ayyukan hannu mafi wuya a asibiti, domin ba allo ba hoto, fatar yatsa ce kaɗai ke ba da labarin abin da ke faruwa a cikin nama.

A da akan ɗora jakar yashi a wurin a ce mutum ya kwanta har gari ya waye. An gano jakar ba ta hana zubar jini, doguwar kwanciyar kuma cutarwa take. Yanzu sa'a 4 zuwa 6 ake yi, wani lokacin ƙasa da haka, kuma umarnin da ake bayarwa kashi biyu ne da mai jinya ya kamata ya riƙe duka: "Kada ka lanƙwasa cinyar nan, Alhaji, amma ka yi ta kaɗa tafin ƙafarka sama da ƙasa." Naman sha-raɓa, duk sa'ad da ya matse, yana tura jini sama. Ana ba shi ruwa ya sha, don ya wanke rinin da aka zuba wa jijiyoyi domin ɗaukar hoto ya kuma tsinka jinin. Bayan da Lucien Campeau ya nuna a Kanada a 1989 cewa ana iya shiga ta jijiyar wuyan hannu, sannu a hankali yawancin hoton jijiyoyin zuciya ya koma can, mutum ya tashi zaune nan take. Sai dai toshe hujin zuciya da buɗe ƙofar da ta tsuke, waɗanda yaranmu da matanmu suka fi bukata, har yanzu ta jijiyar cinya mai mayarwa ake bi, wato ta cikin hanyar da ke kaiwa huhu kai tsaye.

Lokacin da tsofaffin ma'aikata suka fi tsoro shi ne tashin farko. Mutum ya kwana lafiya, ya ci abinci, ya miƙe zai zaga bayi, tafiyar ta girgiza gudan da ya kwanta a jijiya, sai a ji faɗuwa. Shi ya sa gwanar ba ta barinsa ya tashi shi kaɗai. Ta fara duba ƙafafun biyu a jere, ta zaunar da shi a bakin gado, ta riƙe shi taku na farko.

In kuwa abin ya faru, sai a ga ɗaya rabin gwanintar, wanda na ido ne da kai. Wanda aka yi wa aikin kateta jiya, ya faɗi yau yana haki jininsa ya sauka, abubuwa da dama ne ke iya kawo haka, kuma maganin wani guba ne ga wani. Mai yiwuwa jini ne ke zuba a ɓoye ta bayan ciki daga hujin cinya; shi wannan zai yi fari fat, ya ce bayansa ko kwiɓinsa na ciwo, jijiyoyin wuyansa su lafe. Mai yiwuwa waya ta huda bangon zuciya jini ya taru a jakarta. Mai yiwuwa zoben da aka saka ne ya toshe, ciwon ƙirjin da ya kawo shi ya dawo, zanen bugun zuciya ya nuna. Ko ruwa ne ya cika huhu, a ji ƙarar tafasa da abin sauraro, ya kasa kwanciya. Mai gudan jini a huhu nasa daban ne: numfashi ya haura 20 a minti, bugun zuciya ya wuce 100, iskar jini ta sauka, jijiyoyin wuya sun cika, amma an sa abin sauraro a ƙirji an ji shi tas. Mutum yana neman iska alhali huhunsa a buɗe, wannan saɓanin shi ke kunna wa gwani fitila. Wani zai ce wuƙa ce ke sokarsa a haƙarƙari in ya ja numfashi, wani ya yi tari da ɗigon jini, wani kuma abin da zai iya faɗa kawai shi ne, "Malama, ji nake kamar zan mutu." Ma'aikaciyar kirki ba ta ɗaukar wannan magana a matsayin raki.

Ba ta kuma miƙa wuya ga na'urar da ake maƙalawa a yatsa. Binciken da aka yi a Jami'ar Mishigan ta Amurka a 2020 ya nuna na'urar takan nuna iskar jini sama da yadda take a jikin masu baƙar fata. Saboda haka takan tsaya da agogo ta ƙirga numfashi na cikakken minti ɗaya, aikin da ba ya cin ko kwabo, wanda kuma aka fi kasala a kansa a ɗakunan jinya.

Dalilin duk wannan tantancewa shi ne, mai gudan jini hefarin yake bukata yanzu-yanzu, mai zubar jini a ɓoye kuwa hefarin zai ƙarasa shi. Likita ya iso da na'urar sikanin, ya ɗora a ƙirji: babu jini a jakar zuciya, amma ɓarin dama ya kumbura ya fi na hagu. Ya ɗora a cinya ya danna: jijiya mai mayarwa da ya kamata ta lafe ta ƙi lafewa, akwai abu a ciki. In hali ya bari a kai shi hoton siti na jijiyoyin huhu, wanda shi ne ke yanke hukunci. Amfanin maganin ba zato ba ne. A 1960, a birnin Biristol na Ingila, Barritt da Jordan sun kwatanta: cikin marasa lafiya 19 da ba a ba maganin hana daskarewa ba, 5 gudan jinin ya kashe su, cikin 16 da aka ba, bai kashe ko ɗaya ba. In gudan ya kai ga karya awon jini, akwai allurar da ke narkar da shi, amma ga sabon huji a cinya da zai iya ɓallewa, sai an auna hatsari biyu an zaɓi mai sauƙi, wani ya koma ya tsaya da yatsunsa a kan hujin. A cibiyoyin da ke da kayan aiki, ta wani bututun ake sake shiga a tsotso gudan.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo bayan sallama. Gudan jini yana iya ɗaukar kwanaki, har makonni, kafin ya bayyana, lokacin mutum ya bar hannun waɗanda suka san abin da aka yi masa. Daga Abuja zuwa ƙasar Maiyama, ta Kontagora da Yawuri da Koko, tafiyar yini ce, galibi a mota mai cunkoso, gwiwa a naɗe, kuma mutum yana ƙin shan ruwa don kada fitsari ya matsa masa a hanya. Wanda ya taso daga Masar ko Indiya ya haɗa da zaman jirgi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa zaman tafiya na sa'a 4 ko fiye yana ninka hatsarin daskarewar jini a jijiya kusan sau biyu, ga mai lafiya ma kenan. Ya iso gida kuma, ƙauna ta sa an shimfiɗa masa katifa an hana shi ko zuwa masallaci. Ma'aikaciyar da ta san aikinta takan zaunar da ɗan rakiya kafin a tafi: a tsaya a hanya duk bayan sa'a ɗaya ko biyu ya taka, ya sha ruwa, ya riƙa kaɗa ƙafa a mota, a gida ya riƙa zagaya tsakar gida.

Wannan ilimin ba na masu aikin zuciya kaɗai ba ne. Wanda aka yi wa ɗori a Aliero ya kwanta makonni da karayar cinya, da mai jego, musamman wadda aka yi wa tiyata, da tsohon da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, duk hanya ɗaya gudan yake bi a jikinsu. Ɗaliban da ke fitowa daga kwalejin kimiyyar lafiya ta Jega, waɗanda su ne za a tarar a ƙananan asibitocin Andarai da Maiyama, ba su da hoton siti, amma suna da abin da ake fara ganewa da shi: agogo, da tef irin na tela. A auna kaurin sha-raɓa biyu a wuri ɗaya, kimanin santimita 10 ƙasa da ƙashin da ya turo a ƙasan gwiwa. In ɗaya ta fi ɗaya da sama da santimita 3, ga zafi ga ciwo, zargi ya yi ƙarfi. Sai tambaya ɗaya da ke raba wannan da asma ko namoniya ko zazzaɓi: "Baba, an yi maka wani aiki kwanan nan? Ka yi doguwar tafiya ko doguwar kwanciya?" Wanda ya yi wannan tambayar ya tura marar lafiya Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato a ranar, da takarda mai faɗin abin da yake zargi, ya shiga sahun gwanayen da nake yabo.

Wanda aka tabbatar yana da gudan zai sha maganin tsinka jini aƙalla wata 3. In wafarin ne, sai da gwajin jini a kai a kai, kuma kada ya canza yawan zogale ko alayyafon da ya saba ci farat ɗaya, don ganyen yana rage ƙarfin maganin. Sababbin ƙwayoyi ba sa bukatar wannan gwaji, amma sun fi tsada. Ko wanne yake sha, babu ƙaho, babu tsaga, babu maganin ciwon jiki na kemis irin su ibufurofen da dikulofenak sai da izinin likita.

Ga mai karatu da ke da ɗan'uwa da aka yi wa wannan aiki: in ƙafa ɗaya ta kumbura, kada a yi mata tausa, kada a murza man zafi, domin murzar tana iya sakin gudan. In haki ya zo masa farat ɗaya, ko ciwon ƙirji mai suka, ko ya yanke jiki ya faɗi ko da ya farfaɗo, kada a jira gari ya waye, kada a sa shi ya taka zuwa bakin titi. A ɗauke shi a mota, a riƙo takardar sallamarsa da duk magungunansa, kuma maganar farko da za a faɗa wa ma'aikacin da aka tarar ita ce ranar da aka yi aikin da wurin da aka huda.